Almakashin DNA daga Duwala zuwa Ngaundere: abin da na saya da abin da ya iso

Kwalin ya iso ranar wata Alhamis da hantsi. Tun ƙarfe bakwai ina tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, sanyin hunturu na kaɗa ni, sai da na sha shayi kofi biyu kafin jirgin Yawunde ya shigo. Yaron da aka ba saƙon ya miƙo mini kwalin soso fari, an ɗaure shi da salatif ta ko'ina. Ina ɗagawa na ji ruwa na motsi a ciki, gabana ya faɗi. Duk wanda ya taɓa sayen kayan labo a ƙasar nan ta Kamaru ya san wannan ƙarar: ƙanƙara ta narke.

A ciki akwai 'yan kwalaben roba, kowace ba ta kai ƙaramin yatsana ba. Ɗaya HindIII, ɗaya HinfI, wato inzayim biyu, sinadaran da ke yanka DNA, sai ruwan haɗinsu, sai DNA na gwaji da ake kira lamda. Da kuɗin kaya da na jigila, abin ya ɗan haura sefa dubu 200, wato kuɗin maraƙi mai kyau, a kan ruwan da bai cika ƙaramin cokali ba. Abokan aiki daga Garwa da Marwa, har wani daga Njamena, sun yi ta tambayata a WhatsApp ko dillaliyar da na saya a hannunta abin dogaro ce. Na gaji da amsa ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan kama sunanta ba, ba zan kama na kamfanin da ya yi kayan ba, domin akwai yabo akwai kuka a maganar.

Mahaifina mahauci ne, shekara arba'in yana fawa. Ranar da ya ji kuɗin da na kashe ya ce, “Kai, wace irin wuƙa ce wannan?” Na ce, “Baba, irin taka ce, sai dai ita ba ta yanka sai a gaɓa.” Ya yi dariya ya ce ai kowane mahaucin kirki haka yake, mai sara ƙashi a tsakiya bai iya ba. Har yau ban sami bayanin da ya fi wannan ba. DNA (mu da muka yi karatu da Faransanci ADN muke cewa) dogon zare ne da aka jera da haruffa huɗu, A da T da G da C. Waɗannan inzayim ɗin, da nake kira almakashi, kowane yana da kalmarsa guda da yake nema a jikin zaren. In ya same ta ya datse, in bai samu ba ya wuce ko da zaren ya kai daga nan zuwa Kusiri. HindIII yana neman AAGCTT, ya yanka tsakanin A biyun farko. HinfI yana neman GA, sai kowane harafi, sai TC. Shahararren cikinsu, EcoRI, GAATTC yake nema. Abin da ya fi burge ni tun ina ɗalibi shi ne, zaren DNA biyu ne a manne, kuma in ka karanta na sama daga hagu kamar boko, ka karanta na ƙasa daga dama kamar ajami, kalma ɗaya za ka samu.

Ba mutum ne ya ƙirƙiro su ba. Makamin bakteriya ne. In ƙwayar birus ta cusa mata DNA ɗinta, sai ta saki almakashin ya daddatsa baƙon, nata kuwa ta riga ta yi masa shaida da wani ɗan sinadari, metil, yadda makiyayi ke yi wa shanunsa, don haka ba a taɓa shi. Sunayen ma daga can suka fito: Hin daga Haemophilus influenzae, Eco daga Escherichia coli. Werner Arber da Hamilton Smith da Daniel Nathans ne suka sami kyautar Nobel a 1978 kan gano su da fara aiki da su.

Ni abin da ya haɗa ni da su nono ne. Ina aiki kan shanun Gudali na nan Adamawa, ina duba wani gado da ke da hannu a yadda madara ke daskarewa in za a yi cuku, ana ce masa kafa-kasin. Yana da manyan iri biyu, A da B, kuma madarar saniya mai B ta fi saurin kamawa, ta fi ba da cuku. Shanun Turai irin su Jersey suna da B da yawa, shanu masu tozo kuwa A ya fi yawa a cikinsu. A wurin da nake dubawa, bambancin harafi ɗaya ne tak. Mai A tana da GAAGATTCT, mai B tana da GAAGCTTCT. Ka duba da kyau: a cikin na farko akwai GATTC, abincin HinfI ke nan, a cikin na biyu akwai AAGCTT, na HindIII. Wato harafi ɗaya ya sauya, ƙofa ta rufe wa wannan almakashi ta buɗe wa wancan. Shi ya sa na sayi biyun, ko da yake mutane da yawa ɗaya suke saya don sauƙin kuɗi. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Dillaliyar 'yar Duwala ce, Bahaushiyar unguwar New Bell, ta yi karatun kimiyya kafin ta shiga kasuwanci. Hajiya nake ce mata, ita kuma Malam. Wajen ciniki ba ni da abin cewa sai alheri. Na aika mata sunayen kayan da safe, kafin la'asar ta turo takardar farashi, komai a rubuce, har da kuɗin ƙanƙara. Da na rubuta HinfI ta kira ni ta tabbatar ba HincII nake nufi ba, don ta ce an taɓa yin wannan kuskuren aka dawo ana rigima da ita. Wannan kaɗai ya sa na ji na samu wadda ta san abin da take sayarwa. Na taɓa hulɗa da wani dillali wanda a wurinsa inzayim da safar hannu duk kaya ne, a rana ɗaya yake shanya su. Ta ce sati uku, na biya kashi biyu cikin uku ta waya. Sati biyar aka yi.

Da na koma labo na buɗe kwalin, jakunkunan ƙanƙarar sun zama ruwa, da ɗan sanyi-sanyi kamar ruwan randa. Busasshiyar ƙanƙara da aka yi mini alkawari babu ko alamarta, in ma an sa to ta daɗe da tashi. Waɗannan kaya a digiri 20 ƙasa da sifili ake ajiye su, cikin ruwan da rabinsa gilisarin ne don kada su daskare. Ban kira ta ba tukuna. Na yi abin da malamina ya koya mini tun shekarar farko: kada ka yi faɗa da mai kaya sai ka tambayi lamda.

Lamda birus ne na bakteriya, tsawon DNA ɗinsa haruffa 48,502, kuma an san inda kowane almakashi zai yanka shi. Da shi ake auna ƙarfin yawancin inzayim: abin da ake kira yunit ɗaya shi ne adadin da zai gama yanka maikrogiram ɗaya na lamda cikin awa ɗaya a digiri 37. HindIII yana raba shi gida takwas, mafi girma 23,130, sai 9,416, sai 6,557, sai 4,361, sai tagwayen nan 2,322 da 2,027, sai 564, sai ɗan auta 125 da ba kasafai ido ke ganinsa ba. Na haɗa, na sa a ruwan ɗumi awa ɗaya, na ɗan gasa shi a digiri 65 minti biyar don bakunan lamda biyu masu son mannewa su rabu, na zuba a jel, wanda ke jera guntayen DNA layi-layi bisa tsawonsu, na kunna wuta. Da na haska, layukan suka fito tsaf, kowane a mazauninsa, kamar an ja su da rula. Na tsarma inzayim ɗin ya koma kusan yunit biyu na sake, ya yanka. HindIII ya sha hanya ya iso da ƙarfinsa. A nan na yi wautar da nake jin kunyar faɗa: murna ta sa na ce ai tare suka zo, in wannan lafiya wancan ma lafiya. Ban gwada HinfI ba.

Na shiga aiki kai tsaye. Jinin shanu da na ɗebo a rugage ta wajen Wakwa da hanyar Meiganga na riga na fitar da DNA ɗinsa, na ninka gutsuren da nake so da injin PCR, tsawonsa haruffa 350. In saniya AA ce, HinfI zai bar guntaye 134 da 132 da 84. In BB ce, 266 da 84. In ta gaji A a wajen ɗaya daga iyayenta B a wajen ɗayan, wato AB, duka za su fito. Jel na farko, shanu ashirin, kusan kowace da layin 266 a sama da ƙananan a ƙasa. AB, AB, AB. Na yi tsalle. Har na fara tsara yadda zan rubuta cewa Gudali ɗinmu cike suke da B ba a sani ba. Na ɗauki hoto na ruga ofishin malamina.

Ya kalli hoton ya daɗe, ya cire tabarau. Ya ce, “Ɗana, garken nan duk uwa ɗaya uba ɗaya ne?” Na ce a'a Malam, rugage huɗu ne. Ya ce, “To je ka tambayi ɗaya almakashin.”

Na sa HindIII a kan samfuran nan ashirin. In da gaske suna da B, dole ya raba rabin gutsuren gida biyu. Biyu kawai ya taɓa. Sauran goma sha takwas suka tsaya a 350 ko gezau. Wato AA ne, HinfI ne ya yanka wasu zaruruwa ya bar wasu, ragowar da bai gama ba ta fito a 266 ta yi mini kama da B. Wannan ita ce illar almakashi mai rauni a irin aikinmu. Da ya mutu gaba ɗaya da sauƙi, za ka ga bai yanka komai ba ka san akwai matsala. Mai rabin rai shi ke ba ka amsar ƙarya mai kyan gani, ka ɗauka ka kai taro. Da ɗaya na saya don tsimin kuɗi, da yanzu ƙarya tana cikin kundina da sa hannuna a ƙasa.

Sai a lokacin na yi gwajin da ya kamata in yi tun farko. Na jera kwalabe biyar na lamda, kowace da rabin inzayim ɗin ta gabanta. Bisa abin da ke rubuce a jikin kwalbar, ya kamata har ta huɗu ta yanku sarai. Ta farko kaɗai ta gama. Na ɗauki hoto na tura wa Hajiya, sannan na kira.

Maganarta ta farko ba ta yi mini daɗi ba. Ta ce, “Malam, ni ba a taɓa dawo mini da kaya ba. Ka tabbata ruwan ɗuminka 37 ne? Wane ruwan haɗi ka sa?” Raina ya ɓaci, amma tambayoyin na kan hanya, don in akwai sinadarin EDTA da yawa a samfur yakan kame maganiziyom ɗin da almakashin ke bukata, aiki ya tsaya, kuma na san labo da yawa da ma'aunin zafinsu ke ƙarya. Na ce, “Hajiya, a ruwa ɗaya, rana ɗaya, da lamda ɗaya na gwada su biyun. Ɗaya ya yi, ɗaya bai yi ba.” Ta yi shiru, ta ce in ba ta kwana biyu. Ranar Asabar ita ta kira da kanta. Ta ce ta bincika, laifin daga wajenta ne: ba ta kammala takardun fitar da kaya a kan lokaci ba, kwalin ya yi kwana tara a ajiye a Duwala, yaronta kuma da ya karɓo bai sake ƙanƙara ba sai da za a kai tasha a Yawunde. Ta ce, “Ka yi haƙuri, Malam, zan sake maka. Amma ka taimake ni da rabin kuɗin hanya.” Na so in ƙi, don ba ni na yi sakaci ba. Na biya. A kasuwar nan samun wanda zai ce laifina ne ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina so ta ci gaba da ɗaukar wayata.

Kafin sabon ya zo na ƙara wata wautar, wannan kuwa tawa ce ni kaɗai. Na ce tunda ya yi rauni bari in ninka masa yawa, na zuba maikrolita biyar cikin haɗin maikrolita ashirin na bar shi ya kwana. Da safe jel ya fito da wasu 'yan layuka barkatai da ba su cikin lissafi. Ƙa'ida ita ce inzayim kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na haɗin, don in gilisarin ya haura kashi biyar cikin ɗari almakashi yakan rikice ya fara yanka kalmomin da suka yi kama da tasa. EcoRI ne ya fi suna da wannan hali, amma ba shi kaɗai ba ne. Na san wannan, na taɓa koya wa ɗalibai ma. Gaggawa ce. Samfur goma sha biyu suka tafi a banza, sai da na sake PCR.

Na biyun ya iso bayan sati uku. Wannan karon ta sa shi a hanya ranar Litinin, ta kira ni da kayan suka bar Duwala, ta sake kira da aka ɗora su a jirgi da magariba. Na buɗe kwali hayaƙin sanyi na tashi, busasshiyar ƙanƙara da saura. Ta haɗo da ɗan katin nan mai sauya launi in zafi ya taɓa shi, fari fat. Kafin in cire rigar sanyi na haɗa gwajin lamda. Ya yanka har kwalba ta huɗu. Shanun nan goma sha takwas suka koma AA kamar yadda HindIII ya faɗa, biyun nan suka tabbata AB, almakasan biyu suka yi baki ɗaya.

A cikin kwalin ta sako mini ƙaramar kwalbar HindIII irin na zamani mai saurin yanka, wai in gwada, kyauta. Irin wannan cikin minti biyar zuwa goma sha biyar yake gamawa, ruwan haɗinsa kuma da launi a ciki, daga ɗumi sai jel ba sai ka ƙara komai ba. Da ina raina shi, ina cewa na masu kuɗi ne marasa haƙuri. Na sauya ra'ayi rabi. A garin da za a iya ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, kafin a tayar da janareto ruwan ɗumi ya huce, minti goma sha biyar ta fi awa biyu kwanciyar hankali. Amma in aka lissafa kuɗin kowane samfur ya fi tsada sosai, kuma ga mai shanu ɗari da ashirin irina bambancin ba wasa ba ne. Na ajiye shi don ranar da nake son amsa kafin azahar, aikin yau da kullum na tsohon yayi ne.

Abu biyu ban ji daɗinsu ba har yanzu. Takardar bayanin da ke cikin kwalin da Ingilishi kaɗai take, ɗalibanmu kuwa yawancinsu Faransanci suka yi, sai da na zauna na fassara musu na manna a jikin firiza. Na biyu, Hajiya ta yi ta lallashina in sayi babbar kwalba wai ta fi araha. A lissafin takarda gaskiyarta ne. A lissafin Ngaundere kuwa, firiza ɗaya muke da ita mu bakwai, ana buɗe ta sau talatin a yini, wuta na zuwa tana tafiya. Ƙaramar kwalba in ta lalace ka yi asarar kaɗan. Ko ita ma rarraba ta nake yi gida huɗu, in sa a cikin tubalin sanyi a can ƙuryar firiza, in fito da ɗaya kawai, a kan ƙanƙara, in mayar kafin in yi komai. Firizar gida mai narkar da ƙanƙararta da kanta ba ta dace da wannan kaya ba, don ɗumama take yi lokaci-lokaci.

Ga 'yan'uwa na Garwa da Marwa da Njamena da suka tambaya, ku lura ni a kan tudu nake, sama da mita dubu, inda jirgin ƙasa ya ƙare. Ku kuwa daga nan sai mota, zuwa Garwa kaɗai kusan kilomita 280 ne, a watan Maris da Afrilu kuma zafinku na haura 40. Wata abokiyar aikina a can takan ce su ba sa bukatar ruwan ɗumi, sanyaya ɗaki suke yi ya sauko 37. Ita ApoI take amfani da shi wajen duba ko ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta bijire wa kulorokwin, wani kuma DdeI yake nema don sikila, inda harafi ɗaya da ya sauya daga A zuwa T ke goge kalmar da almakashin ke nema. Duka aiki ne da yankan rabi-rabi zai ba ku amsar da ba ita ba, kuma naku a kan mutane ne, ba shanu ba. In za ku saya a hannunta, ku sa ta rubuta busasshiyar ƙanƙara da katin zafi a takardar farashi, ku ce kada kaya su tashi ranar Juma'a, ku yi odar a watan Disamba ko Janairu in da hali, kada kuma ku biya ragowar kuɗi sai kowace kwalba ta gaisa da lamda, kowace, ba ɗaya ba.

Ni dai na riga na tura mata oda ta uku, HaeIII nake so don duba wani gadon madara. Baba ya ji ina waya ya ce, “Wuƙar ce kuma?” Na ce ita ce. Ya ce in gaya wa Hajiya wannan karon ta haɗo da dutsen wasawa.